Tsohuwar Peugeot da Gidan Gado

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina, har Maraɗi da Damagaram, har yanzu akan ci karo da Peugeot 504 da aka jingine, ko a gindin darbejiya, ko cikin garejin da ya koma ɗakin tarkace. Tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, ƙurar hunturu ta kwanta a gilashi har yara na rubutu da yatsa a kai, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Ai motar marigayi Alhaji ce." Wata rana sai a samu ɗa ko jika da zuciyarsa ta kasa jurewa, ya ce shi zai tayar da ita a nan gida, da hannunsa da na duk wanda zai kama masa. Da irin wannan mutum nake son magana, domin niyyarsa mai kyau ce. In kuwa a gidan ƙasa ya tashi, ya ga yadda ake gyaransa kafin damina, to rabin ilimin aikin yana kansa tun bai ɗauki sufana ba.

Motar ta cancanci wahalar. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, amma a Afirka ta yi sunanta na gaskiya. A 1975 kaɗai ta ci tseren Safari na Kenya, ta ci na Maroko, ta ci na Bandama a Kwaddebuwa, duka kuwa tsere ne na burji da laka da kwazazzabai. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka yi ta fito da 504 daga can har wajen 2006, sama da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504. Zamanin mulkin soja na Obasanjo, da gwamnati ta ce manya su rage ƙawa, ita ce ta zama motar ofis. Doguwar ta riƙe tashoshin mota daga Kano zuwa Jos zuwa Maiduguri, a-kori-kura kuma ta yi dakon hatsi da dabbobi kasuwa-kasuwa. Amaren da aka kai a cikinta da alhazan da ta tarbo daga filin jirgi, Allah kaɗai ya san yawansu.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, akwai maganar da ta riga komai, kuma duk wanda ya san gidan gado ya san ta. Ba ruwan sama kaɗai ke kayar da gidan gado ba. Abin da ya fi kayar da shi shi ne magada goma, kowa na da haƙƙi, ba wanda ke da nauyi. Wannan ya ce don me zai zuba kuɗinsa a bangon da gobe za a raba, wancan ya ce ba da yawunsa za a sayar ba, damina kuma ba ta jiran kowa. Haka motar marigayi take ruɓewa a ƙofar gida. Saboda haka a zauna da 'yan uwa tukuna, a yi mata kuɗi, mai so ya biya sauran rabonsu ko su yafe masa a gaban shaidu. A nemo takardunta, a duba lambar jikinta da ta inji sun yi daidai da abin da ke rubuce. Na fi son mutum ya ɓata wata guda a kan wannan da ya gama fenti sannan ƙanwarsa ta ce tana da kaso.

In an kira tsohon magini ya duba gida, ba ya kallon zanen da ke ƙofar zaure. Indararo yake fara dubawa, ya ga ko ya toshe, ko ya karye ruwa yana bin bango. Ya hau soro ya nemi inda ruwa ke kwanciya. Ya sauko ya tsuguna a gindin bango, inda danshi da gishirin ƙasa ke cin tubali har wurin ya rarake. Tambayarsa ɗaya ce: ta ina ruwa ke shiga, ina kuma yake tsayawa? Da wannan tambaya ake zagaya tsohuwar mota. Ita ma tana da indararonta. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da ruwan da ya bi gilashi yake fita ta cikinsu. In ƙura da laka suka toshe su, ƙofar ta ciki take ruɓewa, waje kuwa fenti na ta sheƙi. Akwai magudana a gindin gilashin gaba, inda busasshen ganye ke taruwa. Robar da ta zagaye gilashi in ta tsufa ta tsage, ruwa na ɗiga a hankali ya taru ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Don haka a ɗage shimfiɗar nan duka, a kwashe komai daga but, a sa fitila a leƙa bayan tayoyi inda laka ke maƙalewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu 'yan Arewa mun yi sa'a ta wani fanni. Motar da ta yi rayuwarta a Sakkwato ko Agadas ba ta tsatsa kamar wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da danshi da gishirin teku. Namu ciwon rana ne da ƙura: roba ta bushe ta farfashe, dashbod ya tsage, kushin ya zama gari, ƙura kuma ta cinye zoben fistin in an yi sakaci da matatar iska.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne wajen rufe ɓarna. Shekaru da dama ke nan mutanenmu suka ɗauki ɗabi'ar shafe bangon ƙasa da siminti, wai don a huta da yaɓen shekara-shekara. Shekarar farko gida ya yi kyau, maƙwabta su yi ta sam barka. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna, ba sa miƙewa da tsukewa tare in zafi da sanyi sun sauya. Sai 'yar tsaga ta fito, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita. Bangon da a da yake jiƙa ya bushe da kansa, yanzu an kulle shi da danshinsa. Magini yakan ƙwanƙwasa wurin da ƙashin yatsa, ka ji yana amsawa kamar ganga, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, nan fa babu komai a ciki." Rana ɗaya cikin watan Agusta sai falankin siminti ya ɓallo gaba ɗaya, ya taho da rabin bango.

Abin da foti ke yi wa mota ke nan in an shafa shi a kan tsatsa. Mai gyaran jiki da ke sauri zai kankare sama-sama, ya cusa takarda ko ɗan gwangwani a ramin, ya dambara foti mai kauri, ya goge da samfefa har ya yi sumul, a fesa fenti. Mai mota ya biya yana murna. Tsatsa kuwa tana nan a ƙarƙashi tana cin ƙarfe, ba a jima ba fenti ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje. Gwajin ba wuya: a naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da foti zai saki. A ƙwanƙwasa kuma a saurara, don sautin ƙarfe daban yake da na ciko. Maganin ruɓaɓɓen wuri ɗaya ne a bango da a mota. Magini yakan sassare har ya kai ƙasa mai ƙarfi, ya yayyafa ruwa, ya cike da sabon kwaɓi irin na asali, kaɗan-kaɗan, yana bari kowane ya sha iska. Mai walda na ƙwarai yakan yanke har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya yanko sabo mai kauri ɗaya, ya ɗiɗɗiga walda nan da can yana bari wurin ya huce don kada zafi ya lanƙwasa farantin, sannan ya shafe bayan da maganin tsatsa. Foti yana da amfaninsa, amma siriri, a kan tsabtataccen ƙarfe, don daidaita 'yar lotsawa. Duk wanda ya ce maka zai gama jikin tsohuwar mota cikin kwana uku, siminti zai shafa maka.

Sai abin da ke ɗauke da nauyi. Rufin soro a kan azara yake zaune, itacen giginya da aka zaɓa saboda gara ba ta cika iya masa ba. In azara ta ruɓe ta inda ta shiga bango, ba a zancen yaɓe, ba a kuma barin yara su kwana a ɗakin. Ƙaramar 504 ba ta da wata shasi daban da aka ɗora jiki a kai, jikin ne da kansa yake ɗauke da komai. Azararta ita ce dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓen ƙasa, da wuraren da shokazoba ta gaba ke ɗaure a cikin bonet, da inda ƙafafun baya suka kama jiki. In an sa jak aka ji ƙarfe yana lotsawa, ko ƙofa ta ƙi rufuwa da aka ɗaga motar, to ɓarnar ta kai ga ƙashi. Ana gyarawa, amma wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Wani lokaci ma gaskiyar ita ce a haƙura, a nemo wata mai lafiyayyen jiki, ta marigayi ta ba da inji da giya da sitiyari. Yana da ciwo, amma ya fi a ɗauki iyali a motar da za ta rabe in ta faɗa rami.

Yawancin motocin da aka fara gyara a gida ba a gama ba, zumuɗi ne ya kashe su. Mutum ya samu hutun mako, ya kwance komai, kujeru a zaure, ƙofofi a jingine a bango, notuna a warwatse cikin kwano ɗaya. Hutu ya ƙare, kuɗi ya ƙare, yara suka yi wasa da rabin kayan, bayan shekara shi kansa bai san me ya fito daga ina ba. Ba magini mai hankali da zai yaye rufin gida duka a rana ɗaya alhali mutane na ciki. Ɗaki ɗaya ake kamawa, iyali su matsa zuwa wani, a gama a koma na gaba. A bi motar haka: birki a gama shi, sannan hanyar mai, sannan wuta. Kafin a kwance komai a ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe. Notunan kowane wuri a gwangwaninsu daban, a rubuta a jiki. Kada a yar da tsohon abu sai sabon ya hau ya yi aiki, don da tsohon ake zuwa kasuwa a gwada. Aikin walda da fenti kuma da rani ake yi, lokacin da magina ke nasu, sai dai a kauce wa ranakun da hazo ya yi kauri.

Injin da ya shekara goma a kwance ba a tashinsa da makulli. A cire filogi, a ɗiga ɗan mai cikin kowace silinda, a bar shi kwanaki ya jiƙa, sannan a sa sufana a juya shi da hannu a ji ko yana tafiya. Tsohon fetur ya riga ya zama danƙo mai wari, sai an sauke tanki an wanke, an kwance kafireta an busa hanyoyinta. A zubar da baƙin mai, a sauya tiyo da fambel, a leƙa gidan matatar iska, don zanzaro na son yin gini a can, ɓeraye kuma na son wayoyi. Injin nan mai cc 1971, wanda aka kwantar a karkace cikin bonet, yana da wata ɗabi'a da tsofaffin kanikawa suka sani. Kowace silinda bututu ne daban da aka zura cikin gangar injin, ruwa yana zagaye shi. Alherin haka shi ne ana iya sauya su injin ya koma sabo. Haɗarin kuma, in an cire kan inji aka juya shi ba a danne bututun ba, sai su ɗaga, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gauraya da mai. Kan injin na alminiyam ne, ruwan rijiya mai gishiri yana cin sa, don haka lagireto na son ruwa mai maganin tsatsa.

Maganar rai kuwa ba a yi mata gaggawa. Man birki yana shan danshi, bututunsa na roba yana ruɓewa ta ciki, taya mai shekara goma ko da zanenta bai goge ba ta mutu. Duka a sauya kafin motar ta leƙa titi. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an tokare da abin da ba ya gocewa. Kada a yi walda kusa da tanki ko da an ce babu mai a ciki, tururin ne ke fashewa. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji. Ƙurar tsohon birki kuma a jiƙa ta a goge, kada a busa, don wasu na dauri suna da sinadarin da ke lalata huhu.

Kayan gyara ba su gagara ba tukuna. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, in ya yi haƙuri ya yi tambaya, za a kai shi rumfar wani dattijo da ke da fitilar 504 a ƙasan tarin kaya. Abin da ya fi kaya wuyar samu shi ne hannu. Maginan da suka san haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso daga katsin marina, suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo. Kanikawan da ke saita kafireta da kunne su ma haka, yaran yanzu na'ura suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota, 504 kuwa ba ta da inda za a jona. In ka samu tsohon bakanike da ya yi zamaninta, ka ɗauko shi da girmamawa, ka shimfiɗa masa tabarma a garejin, ka biya shi haƙƙinsa. In ya kara kunne ya ce, "Ɗana, rage mata iska kaɗan," ka rage, sannan ka tambaye shi me ya ji. Ka sa yaran gida su tsaya su gani.

Za a ba ka shawarar ka cire injin ka sa na wata motar Japan, ya fi shan mai kaɗan, ya fi sauƙin kaya. Ga wanda ke neman abinci da motar, ban ga laifinsa ba, kamar yadda ba na zargin wanda ya gaji da ɗigar soro ya buga kwano. Amma wanda ya ce motar mahaifinsa yake son mayarwa yadda take, ya sani in ya sauya inji da kujeru da fitilu, ya liƙa baƙar leda a gilashi, ya samu abin hawa, motar Alhaji kuwa ta tafi. Mutane suna zuwa daga nesa su ga masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, saboda bakan gizo da ɗaurin gugan da ke ciki na ƙasa da azara. Sabon ginin da aka kewaye shi da shi daga baya akwai irinsa a ko'ina. A ganina, duk abin da zai gyaru a gyara shi, abin da ya mutu a nemi irinsa, sabon abu kuma a shigo da shi inda ya shafi tsaron rai, kamar bel ɗin kujera da tayoyi da wayoyin wuta.

Fenti ne ƙarshe, kamar yadda makuba da zanen dagi ke zuwa bayan bango ya bushe. In ana son sanin launinta na asali, a duba cikin but ko ƙarƙashin robar ƙofa, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba.

Batun kuɗi kuma a faɗi gaskiya: abin da za a kashe zai iya fin abin da za a saye ta, musamman a kasuwarmu da ba ta riga ta san darajar tsohuwar mota ba. Wanda ke neman riba ya nemi wata sana'ar. A ware abin da za a iya duk wata ba tare da an taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara ba, a kuma shaida wa uwargida tun farko, tunda ita za ta yi zama da ƙarar guduma da warin fetur.

In Allah ya sa an gama, kada a kulle ta a ce sai ranar sallah. Kowa ya san ɗakin ƙasa da aka rufe aka yi tafiya ya fi saurin faɗuwa a kan wanda ake kwana ciki, domin mai kwana shi ke ganin ɗigar farko ya toshe, shi ke ganin hanyar gara ya kankare. Mota ma in ta zauna birki ya kame, batir ya mutu, robobi su bushe, mai ya lalace. A fita da ita ko sau ɗaya a mako, ta yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, a kai yara gaida kaka, a je ɗaurin aure. A ajiye ta ƙarƙashin rufi mai shan iska. Tamfol da aka ɗaure ta da shi tam yana tara gumi, gindin bishiya kuma yana zubo mata danƙo da kashin tsuntsu.

'Yan jari-bola suna zagayawa da sikelinsu, su kilo suke saye, kuma duk wadda suka sare ta tafi ke nan, don Kaduna ba ta ƙara ƙera wata. Mai karatu, in akwai irin wannan mota a gidanku, kuma ka san ba za ka iya aikin ba, don Allah ka nemi wanda zai iya ka sayar masa da ita a tsaye. Kafin ya zo, ka share ganyen da ya taru a gindin gilashi, ka buɗe ramukan ƙasan ƙofofi da tsinke, ka tura ta ƙarƙashin rumfa tun hadari bai haɗu ba.